Ƙwayar maleriyar da ke ɓoye wa gwajin gaggawa

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai zafin jiki asibitin sha-ka-tafi ya san yadda ake yi: a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan farin allon roba, a jira kamar minti 15. Idan layi biyu ya fito, maleriya ce. Idan ɗaya ne, sai a nemi wani dalilin zazzaɓin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da magani, kuma wannan ɗan allo ne ya sa hakan ya yiwu a ƙauyukan da ba su da wutar lantarki, balle madubin likita.

Sai dai galibin waɗannan gwaje-gwaje wani furotin mai suna HRP2 suke kamawa, wanda ƙwayar maleriya mai suna falsifarum ke saki a cikin jini. A 2010 masu bincike suka ba da rahoton cewa a yankin Amazon na ƙasar Peru akwai nau'in da ya rasa ƙwayar halittar da ke ƙera wannan furotin, don haka mutum na kwance yana rawar ɗari, allon kuwa yana nuna layi ɗaya. Matsalar ta tsananta a Eritriya har ta kai ga ƙasar ta sauya gwajinta a 2016, a Habasha kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2021 ya kiyasta cewa gwajin na kuskure kusan kashi 10 cikin 100 na masu cutar saboda wannan dalili. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, nau'in da gwaji bai gani ba shi ne ke tsira, domin ba a ba mai ɗauke da shi magani, sauro ya kwashe shi ya kai wa maƙwabci, yawansa na ƙaruwa a hankali.

Wannan ba hujja ba ce ta komawa shan magani da ka a duk lokacin da jiki ya yi zafi. Hukumar ta gindaya ƙa'ida cewa idan irin wannan kuskure ya wuce kashi 5 cikin 100, a koma ga gwajin da ke neman wani furotin daban, kamar pLDH, amma ƙa'idar ba ta aiki sai ƙasa tana auna jinin marasa lafiyarta a kai a kai. Najeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ya wajaba ta ware kuɗin wannan sa ido jiha bayan jiha, ta kuma umarci ma'aikatan lafiya da cewa yaron da alamunsa suka tsananta alhali allo ya nuna layi ɗaya a tura jininsa ɗakin gwaji a ranar.