Mai jinya ma yana da haƙƙi, ko wane ne shi

Cutar mantuwa ba ta tsofaffi ba ce kaɗai. Yawancinmu a gida ba mu san haka ba, kuma rashin sanin yana jawo wa bayin Allah wulaƙancin da bai kamace su ba. A nan Ingila, inda nake aikin kula da marasa lafiya a gidajensu, idan alamunta suka bayyana kafin mutum ya kai shekara 65 ana lissafa ta cikin wadda ta zo da wuri, kuma ƙungiyar Dementia UK ta ƙiyasta cewa sama da mutum 70,000 ne ke fama da irinta a Birtaniya. Mutane ne masu sauran ƙarfi a jika, suna tsakiyar aiki, ga bashin gida a wuyansu, ga shekarun fansho da saura.

Cikin gidajen da ake tura ni akwai na wasu maza biyu da suka haura shekara talatin tare, kuma sun yi aure a gaban hukuma. Na san yadda wannan magana za ta faɗo wa wasunku. Ni Musulma ce, na san abin da addinina ya ce, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Maganar jinya nake yi, da wanda ke ɗauke da ita.

Marar lafiyar malamin lissafi ne a da, bai kai sittin ba. Abin ya fara ne da ɓata a hanyar da ya saba bi kullum, da tsayawa a gaban allo ya rasa inda ya kwana a darasi. An daɗe ana cewa gajiya ce, ana cewa damuwa ce, kafin asibitin ƙwaƙwalwa ya tabbatar Alzheimer ce, wani nau'in cutar mantuwa. Wannan jinkiri ba a kansa aka fara ba: masu ƙananan shekaru sukan kwashe fiye da shekara huɗu kafin a gano abin da ke damunsu, domin likita ma ba ya saurin kawo wannan cuta a ransa idan ya ga mutum da baƙin gashi. An ɗora shi kan maganin donepezil, wanda ke ɗan rage kaifin alamun na wani lokaci amma ba ya warkarwa.

Abokin zamansa ya ajiye aikinsa ya dawo gida. Shi ke yi masa aski, shi ke jera masa kaya a kan gado bi da bi yadda zai sa su, singileti a sama, wando a ƙasa. Ya liƙa hoton kofi a ƙofar kabad ɗin kofuna, hoton banɗaki a ƙofar banɗaki. Da yamma ta yi, lokacin da ruɗewa ke tsananta ga masu wannan ciwo, malamin zai ɗauki jakarsa ya ce ya makara, yara na jiransa. Ɗayan ba ya musu da shi. Sai ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce to mu je in raka ka, su zaga layin su dawo, kafin nan maganar makaranta ta bi iska, a zauna a sha shayi. Kowace yamma haka, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da wata sabuwar nas ta zo. Malamin ya nuna mutumin da ya yi rayuwarsa da shi ya ce mata, wannan ɗan haya ne, ɗakin sama yake. Na kalli fuskar ɗayan, bai ce uffan ba, ya shiga kicin ya ɗora ruwan zafi. Daga baya ya yi mini bayani: haka suke faɗa wa mutane a farkon zamansu. Daga 1988 zuwa 2003 akwai wata doka a Ingila, sashe na 28, da ta sa malamai irinsa suka riƙa ɓoye kansu don tsoron rasa aiki. Ciwon yana cinye sabon tunani ya bar tsohon, sai ga shi ya mayar da mutumin zamanin tsoro, ya share masa ranar ɗaurin aurensu, ya bar masa fargabar.

Duk lokacin da na fito daga gidan sai na tuna baffana, Allah Ya jiƙansa. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa hamsin da ɗoriya lokacin da ya fara ba da canji sau biyu, ya fita masallaci a tsince shi a wata unguwa. Nan take aka ce kurciya aka yi masa. An zargi abokin cinikinsa, an zargi amaryarsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, dukiya ta tafi. Asibitin Dawanau na nan kusa, amma babu wanda ya yarda a kai shi, wai kada a ce mahaukaci ne. Daga ƙarshe aka sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Ba mu kaɗai ba ne: a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari a sassan Najeriya, kuma sai a farkon 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Amma baffa bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa yini shi kaɗai ba. Matansa na karɓa-karɓa, 'ya'ya na wanke shi, yaran unguwa idan sun gan shi a titi sukan riƙo hannunsa su ce, Baba, zo mu je gida. Wannan arziki ne da Ingila ba ta da shi, kuma ba kuɗi ke sayensa ba. A nan akwai asibitin tantance mantuwa, akwai nas-nas na musamman da ake kira Admiral, akwai ɗan alawus na mai jinya, amma maƙwabci zai iya shekara bai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Wuraren yinin da ake da su ma yawanci an tsara su ne don 'yan shekara tamanin, sai ka ga mai hamsin da takwas ya zauna a cikinsu kamar baƙo a gidan biki. Su waɗannan biyun ba su da 'ya'ya, dangin malamin kuwa sun yanke shi tun yana saurayi. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da abin da a gidanmu mutum goma suka raba.

Abin da ya riƙe su, bayan haƙurin mutumin nan, takarda ce. Tun Disambar 2005 aka fara rajistar zaman tare na jinsi ɗaya a Birtaniya, aka fara ɗaura aurensu a Ingila a Maris 2014. Sannan tun malamin yana cikin hankalinsa ya sa hannu a takardar wakilci da wata doka ta 2005 ta tanada, ya ba abokin zamansa ikon yanke shawara kan lafiyarsa da kuɗinsa. Shi ya sa likita ke kiransa, banki ke saurarensa. Ranar da za a kai malamin gidan kula da marasa lafiya, hukuma za ta duba abin da ya mallaka, domin wanda ke da sama da fam 23,250 shi ke biya wa kansa, amma ba za a lissafa gidan ba muddin abokin zamansa na ciki.

A watan Janairun 2014 ɗin ne Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi a Najeriya. Da a gida ne, mutumin da ya san yadda ake lallashin malamin ya ci abinci, wanda muryarsa kaɗai ke kwantar masa da hankali, ba zai iya ko tsayawa a bakin gado ya faɗi matsayinsa ba. Dangin da suka yi shekara talatin ba su leƙo ba su za su zo su karɓi makulli. Ku ajiye ra'ayinku kan zaman nasu a gefe na minti ɗaya ku tambayi kanku wa zai sha wahalar korar. Marar lafiya ne, wanda bai ma san laifin da ake tuhumarsa da shi ba.

Kuma wannan ba a kan masu auren jinsi kaɗai yake faruwa ba. Sau nawa muka ga matar da ba ta haihu ba ta yi shekaru tana kwashe kashi da fitsarin miji, 'yan'uwansa su zo su ture ta gefe su ce ita ta yi masa asiri? Amaryar baffana haka aka yi mata, alhali ita kaɗai yake yarda ta ba shi abinci a baki. Bayan an mayar da ita gidansu, sai da ya yi kwanaki yana ture kwano.

Maganata ta fi shafar mu da ke wannan aiki a nan. Tun 2022 da aka buɗe bizar masu kula da marasa lafiya, 'yan Najeriya da yawa muka shigo, mu ne a gidaje, mu ne a wuraren jinya. Na ji da kunnena wata 'yar'uwa ta ce a cire ta daga zuwa gidan mutanen nan, na ji wani yana ba da labarinsu ana dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna irin wannan bambanci, amma ni ba tsoron doka nake so ya hana mu ba. Amana aka ba mu, an buɗe mana ƙofar ɗakin kwanan mutum a lokacin da ba ya iya kare kansa, kuma ana biyan mu a kai.

Yanzu abokin zaman malamin ya fara zagayen duba gidajen jinya, domin malamin ya daina gane matakala, shi kuma bayansa ya fara gazawa wajen ɗagawa. A duk inda ya je yakan tambayi shugabar wurin ko ma'aikatanta za su bar hoton aurensu a bango, ko za su bar shi ya riƙe hannun mijinsa a falo ba tare da an yi ta kallonsu ba. Shugabar za ta ce e, amma ba ita ce ke aikin dare ba. Irinmu ne ke shiga ɗakin da ƙarfe uku na dare idan malamin ya farka a firgice yana neman jakarsa, kuma a hannunmu amsar tambayar take.