Busa ɗaya, kuɗi sun tafi

Ranar Asabar na kai yarana wani ɗakin busa gilashi a nan Ingila, wai ranar da ake buɗe wa jama'a ƙofa kowa ya gwada da hannunsa. To wallahi busa ɗaya na yi. Ko numfashi ban gama saukewa ba malamin ya karɓe bututun ƙarfen, shi ya juya, shi ya gyara, shi ya yanke. Ni dai ina tsaye ina zufa kamar mai gadin tanderu.

Ban ga laifinsa duka ba. Narkakken gilashi zafinsa ya haura digiri 1000, kuma da ka daina juya bututun sai ya zubo kamar zuma. Ko 'yan Masaga na Bida da ke narka kwalabe su yi awarwaro ba sa miƙa wa baƙo wuta haka kawai. Amma me ya hana a faɗa mana tun wajen biyan kuɗi?

Sai kuma masu waya. Ƙato ya shige gabanka ya ɗaga hannu yana ɗaukar bidiyo, yaron da ke bayansa ba ya ganin komai sai ƙeya.

Daga ƙarshe aka ce ba za mu tafi da ƙwallon gilashin ba, sai ya kwana a wani tanderun yana hucewa a hankali, in ba haka ba ya tsage. Autata ta yi ta kuka har gida. Yanzu ranar Talata sai na sake biyan kuɗin mota in je in karɓo.