Dokar da na kafa ta ci ni a Mile 12

Wallahi da na san haka za a yi da ban cika baki ba. Ajin yaƙi da jahilci nake koyarwa bayan Magariba a kusa da kasuwar Mile 12 da ke Legas, ɗalibaina duk 'yan tumatir da albasa ne, wasu sun haife ni ma. Ranar farko na shigo da babbar riga sai ƙamshi nake, na ɗauki alli na zayyana dokoki a allo: wanda ya makara a rufe masa ƙofa sai ya jefa naira 500 a gwangwanin Bournvita, wanda kuma wayarsa ta yi ƙara a aji zai amsa ta a sifika kowa ya ji. Har da bugun ƙirji, wai ni kaina dokar ba ta bar ni ba. Muka naɗa wani dattijo mai albasa ma'aji, Baba Alhaji, mutumin da ko dariya sai ya yi ciniki kafin ya yi ta.

Sati uku ina cin tarar bayin Allah ba sani ba sabo.

Sai ranar wata Laraba na taso daga Agege a danfo, bas ɗin hayar Legas, ga ruwa an tafka, muna zuwa Ketu titin Ikorodu ya tsaya cak kamar an kafe shi. Acaɓa kuma babu, tun 2022 gwamnati ta hana su a yankin Kosofe. Kwandasta ya ce ba canji, ya haɗa ni aure da wata mata a kan dubu ɗaya, wato ya ba ta mu raba canjinmu, ina waiwayawa matar ta ɓace da sadakin. Na ƙarasa a ƙafa, taɓo har gwiwa, na iso da lattin minti 40 na tarar da ƙofa a garƙame.

Na ƙwanƙwasa, sai ga gwangwani ya leƙo ta taga. Na ce Baba Alhaji ni ne fa. Ya ce Malam ai mun gane ka, gwangwanin ne bai san kowa ba. Aljihu wayam, dole na ranci ɗari biyar ɗin wurin yaron da na fi ci wa tara a ajin, yana miƙo min yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka.

Na shiga ina ta bayanin gosulon Legas, ina rantse-rantse, kawai waya ta ɗau ƙara a aljihuna. Ajin ya yi tsit. Baba Alhaji ya nuna allo da sandarsa. Na danna sifika hannu na rawa, uwargida ce: "Baban Ummi ka isa? Ai sai da na tashe ka sau uku kana ta munshari har ƙarfe shida, yanzu ka je ka ɗora wa gosulo. Kuma don Allah ka lallaɓa tsofaffin nan su sammaka albasa, ta gidan ta ƙare."

Wani har faɗowa ya yi daga benci.

Da aka tashi Baba Alhaji ya miƙo min leda cike da albasa, na fara godiya, sai ya buɗe littafi ya rubuta "Malam, bashi, 2,000" da hannunsa, harafi ɗaya bai kuskure ba. Haka na ciro jan biro na ba shi maki goma.