Sai Ranar Kame Ake Tunawa Da Mu

Wallahi na gaji! Duk ranar da 'yan jarida suka tuna da Hausawan Makka, to kame aka yi ko an cika jirgi da 'yan tarhil, wato waɗanda ake kora daga Saudiyya. Hoton kullum ɗaya: mata zube a ƙasa da ƙullin kaya, an manna musu "takari". Shin babu tela a unguwar Shara Mansur? Babu mai tsire a unguwar Hindawiyya? Babu wanda kakansa ya tako da ƙafa ta Sudan tun ba a haifi mai kyamarar ba? Sai a ɗauko wani "masani" daga Abuja, ko Umra bai taɓa zuwa ba, ya share minti 10 yana fassara rayuwarmu, mu kuwa ko sunanmu ba a tambaya ba. Haba jama'a, ko ragon layya ai ana tambayar garinsu!