Kafin ka cire nama daga kwanonka, dubi abin da zai rage a ciki

A kantunan da ke sayar da abin da suke kira abincin lafiya a nan Ingila, akwai kanta guda da ke ba Bahaushe dariya da takaici lokaci ɗaya. Ga garin zogale a 'yar leda mai ƙyalli, an jera masa kirari kamar basarake. Ga garin 'ya'yan kuka, wannan dai da ake kaɗa kwalba da nono da shi. Gaba kaɗan acca ce, sai awara a roba tana iyo cikin ruwa da sunanta na Japan. Kuɗin waɗannan 'yan ƙulle-ƙulle huɗu zai yi wa gida cefanen kwanaki a kasuwar Bakin Dogo ta Kaduna.

Turawa sun rungumi rage cin nama, kuma suna da dalili. Tun 2014 ake wani gangami a nan duk watan Janairu, mutane su yi wata guda ba su taɓa abin da ya fito daga dabba ba. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuma, wato na sa da rago da akuya, ta sa shi a rukunin da ake kyautata zaton yana jawo ta. Hukumomin lafiyar Birtaniya suna ba wanda ke cin fiye da giram 90 na jan nama ko sarrafaffe a rana shawarar ya sauko zuwa giram 70.

To amma wa ake yi wa wannan huɗuba? Mutumin da ya karya da sosej, ya ci biredi da yankakken nama da rana, ya kwana da gasasshe. Idan ka ɗauko ta ɗungurungum ka dire a Rigasa ko Unguwar Mu'azu, ka kai magani gidan da ba a ciwon. Yawancin gidajen Kaduna tsoka ɗaya ce ke yawo a miya, wasu sai Juma'a, wasu sai Babbar Salla. Masu buƙatar rage nama da gaske an san su: mai albashi ko ɗan kasuwar da ba ya shiga gida sai ya tsaya wurin mai tsire ko balangu, ya haɗa da kitse da lemon kwalba, ranar hutu a yi farfesun kayan ciki, yara kuma a sayo musu shawarma mai sosej biyu. Su ne tumbi ya riga su shiga ɗaki. Sauran jama'a matsalarsu tana cikin abin da ya cika kwanon.

Nan ne ake yin kuskuren farko. Mutum ya ji an ce nama ba kyau, ya cire shi, sai ya cike gurbin da ƙarin farar shinkafa, taliya, biredi, soyayyen dankali da shayi mai cokali huɗu na sukari. Duk babu nama, amma an gudu ba a tsira ba. Bayan wata biyu ƙiba na nan, suga ya hau, ga kasala. Cokali babba ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 120 ne, kuma wace uwargida ce ke auna mai da cokali? Lemon kwalba mai santilita 50 yana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali goma sha uku, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa baligi a yini ba ta wuce kimanin sha biyu ba. Zoɓo da kunun aya da fura da aka danƙara wa sukari ba su fi shi tsarki ba.

Lissafin da ya kamata a fara yi na furotin ne, sinadarin da ke gina tsoka. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan giram 56 a rana. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake, idan aka dafa, zai ba da kusan giram 30. Ƙwai ɗaya giram 6. Kofin nono ko kindirmo kimanin 8. Cikin tafin hannu na gyaɗa kimanin 7. Tuwon dawa ko na gero shi ma ba fanko ba ne, wajen kashi goma cikin ɗari na busasshen hatsin furotin ne. Ka haɗa waɗannan, ka wuce 56 ba ka taɓa nama ba. Waken suya ya fi su duka, fiye da sulusinsa furotin ne, kuma a jihar Kaduna ake noma shi. Ga gurjiya ma, da muka bar wa yara da matafiya.

Akwai wata hikima da kakanninmu suka riga masana zuwa. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Koko da ƙosai, garau-garau, ɗanwake, faten tsaki da wake, tuwo da miyar gyaɗa, duk cike giɓin nan suke yi. Ba dole ne a haɗa su a kwano ɗaya ba, su dai haɗu a ciki cikin yini. Gyaran da garau-garau ke buƙata shi ne a juya awon. Yanzu shinkafa ce ke da gida, wake ɗan haya, kana ƙirga shi da ido. A mai da shi gwangwani ɗaya na wake ga gwangwani ɗaya na shinkafa, mai cokali ɗaya ga kowane mutum, a cika gefe da latas, tumatir, albasa da kokwamba.

Ganye da 'ya'yan itace ana son aƙalla giram 400 a rana, kuma doya, dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Garin kukar da aka barbaɗa a tukunyar mutum goma ba zai kai ka ko'ina ba. Abin da ke kai mutum shi ne kwaɗo: zogale, rama ko tafasa, cike da kwano, da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa. Sai miyar taushe mai kabewa da alayyafo da yakuwa, wadda cokali zai tsaya a cikinta, da dambun da zogale ya rinjayi tsaki. A raba kwano a ido: rabi ganye, rubu'i wake ko awara ko kifi, rubu'i tuwo. Malmala ɗaya, ba uku ba. A zuba alayyafo a ƙarshen girki, minti uku zuwa biyar ya isa, domin doguwar dahuwa tana kashe bitamin C. Latas da kabeji da ake ci ɗanye, musamman na lambunan bakin Kogin Kaduna, a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, kada a je neman lafiya a dawo da taifot.

Wake ne ginshiƙin wannan sauyi, kuma shi ne ke korar mutane tun makon farko. Kumburin ciki da iska suna zuwa ne daga wasu nau'o'in sukari da hanjinmu ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar babban hanji su yi biki a kansu. Maganin: a jiƙa wake awa takwas zuwa goma sha biyu, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a ɗora da sabon ruwa, ya dahu har ya murje tsakanin yatsu. A fara da ludayi ɗaya a rana, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu ko uku, hanji yana sabawa. Jiƙon yana rage lokacin dahuwa, ya kuma rage dogaro da kanwa. Kanwa tana lalata bitamin B1, tana kuma ɗauke da sinadarin nan na gishiri da mai hawan jini ke gudu.

Wani abin kunya da mazauna waje suka sani: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya, ƙasar da ta fi kowace noma wake a duniya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Turai ta ƙi, mu ne muke cinsa. Idan ka buɗe buhu a Kasuwar Kawo ko Kasuwar Barci ka ji warin fiya-fiya ya daki hancinka, ka wuce. Wanda ƙwaro ɗaya ko biyu ke yawo a cikinsa ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya yi shekara ko huda babu, sai in an tabbatar maka a buhu mai leda biyu a ciki aka adana shi, irin wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska. Mai hali ya sayi na shekara da kaka, ya shanya shi ƙarau, ya zuba a jarka mai murfi ya toshe.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ma da sauran rina a kaba. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga kansa, kuma suya ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta yamushe, ta canja launi ko take ɗaci, a tsince a zubar. Abin takaici, irin wannan rubabbiyar ce wasu ke saye da araha su yi ƙuli. Gara ka san hannun da ke yi maka.

Awara kuwa Bature ya fi mu iya cinta, mu mun fi shi iya yinta. Shi yana gasa ta ko ya jefa a miya. Mu sai mun tsoma ta a ruwan ƙwai, mun nutsar a man da ya yi baƙi don maimaici, ta sha ta ƙoshi. A gida, a jiƙa waken suya ya kwana, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar sosai domin ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci, a zuba ruwan tsami ko lemon tsami kaɗan-kaɗan har ta dunƙule, a kwashe a ƙyalle a danne da abu mai nauyi. Daga nan a yanka, a shafa mata mai kaɗan a gasa a tanda, ko a zuba a miyar tumatir ta yi minti goma tana shan yaji da citta.

Inda Ingila ta yi mana nisa shi ne bitamin B12. Ba ya cikin zogale, ba ya cikin wake, ba ya cikin kowane ganye. Daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Mai ƙin nama a nan yana samun nasa ba tare da ya sani ba, domin kamfanoni suna zuba shi a madarar waken suya da hatsin karin kumallo, ga ƙwayoyinsa a kowane kantin magani. Madarar waken suyar da aka dafa a tsakar gida a Tudun Wada ba ta da ko ɗigo. Kuma rashinsa ɗan sari-ka-noƙe ne, domin hanta tana ajiye na shekaru. Sai an manta an daina cin nama sannan a fara jin tafin ƙafa da yatsu suna dindiris, ga mantuwa, ga ƙarancin jini, a yi ta neman dalili a wani wurin. Idan aka yi sakaci, lahanin jijiya ba lallai ya warware ba. Masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin sun fi shiga haɗari, domin shi wannan maganin yana rage shi. Wannan ya sa ra'ayina shi ne: a Kaduna a rage, kada a yanke. Nono ko ƙwai kullum, kifi sau biyu a mako, ko da busasshe ne a miyar kuka.

Sinadarin ƙarfe (ayan) mai ƙara jini yana cikin wake da ganye, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Lemon tsami a kan kwaɗo, ɗanyen tumatir ko gwaiba bayan abinci suna taimaka masa shiga. Shayi kuma yana tare masa hanya, don haka a bar awa guda tsakanin kwanon wake da kofin shayi. Mata masu jinin al'ada su suka fi buƙatar kiyaye wannan.

Da nama ya bar tukunya, hannu yakan tafi ga ɗunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, alhali ƙasa da giram 5 ake so a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Daddawar kalwa ce ke mai da wannan ɗanɗano, da soyayyiyar albasa, tafarnuwa, ɗan garin kifi, da cittar Kachiya da duniya ke saye a hannunmu.

Masu zagaye Dandalin Murtala da asuba da masu ɗaga ƙarfe, nasu lissafin ya kai giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo, wato 84 zuwa 112 ga mai kilo 70. Wake kaɗai zai cika ciki kafin a kai nan, sai an haɗa da awara, kindirmo marar sukari da ƙwai biyu, a rarraba su sau uku a yini.

Yara ƙanana, masu ciki da masu shayarwa ba sa cikin wannan ragi. Su ƙari suke nema, kuma idan tsoka ɗaya ce a gidan, tasu ce, ba ta maigida ba. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara wake da ganye sai likitansa ya auna masa, haka mai shan maganin tsinka jini. Mai allurar insulin ya riƙa gwada sugansa a makonnin farko, domin yana iya faɗuwa ƙasa. Ga sauran, a fara da kwana biyu a mako babu nama, bayan wata a kai huɗu, jan nama kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako, a yanke kitsen, a kankare inda wuta ta ƙona ya yi baƙi. Naman layya kuma, bayan an fitar da rabon maƙwabta da mabuƙata, a soya ko a shanya saura a riƙa jefa biyu-biyu a miya har Muharram.