Buhu 140 da Na'urar da Ta Ce An Taɓa Kaya

Tun da labarin ya riga ya kai kasuwar Jega, kuma kowa yana ƙara masa gishiri gwargwadon haushin da yake ji na, gara in faɗe shi da bakina yadda ya faru.

Kun san Kawu da harkar shinkafa shanshera, kun san sitonsa na Birnin Kebbi, kun kuma san ni ne na matsa masa bara cewa littafin da yake rubuta lodi ya tsufa, zan rubuta masa manhaja da harshen kwamfuta na Java. Yaronsa na Argungu zai shigar da adadin buhunan da aka loda, ni in shigar da adadin da aka sauke a sito, na'ura ta gwada lambobin biyu. Don nuna basira sai na ɓoye lambar Argungu, yadda wanda ke sito ba zai gan ta ba balle ya haɗa baki da direba, na kuma tsara cewa idan lambobin suka saɓa allo ya yi ja ya rubuta AN TAƁA KAYA da manyan baƙaƙe. Ba abin da ya hana ni rubuta "a sake ƙirgawa" in ban da jin kai.

Mako uku na yi ina kokawa da kompaila, wato manhajar da ke duba abin da mutum ya rubuta kafin ta yarda ya yi aiki. Na zuba lambar wayar direba a nau'in int, wato mazaunin lambobi a Java, ta ce lambar ta yi girma, domin int ba ya wuce 2,147,483,647, ga shi kuma lambar da ta fara da sifili Java tana ɗaukarta a matsayin ƙidayar takwas-takwas, wadda babu 8 ko 9 a cikinta. Na koma long, mazaunin lambobi da ya fi int faɗi, sifilin farko ya ɓace, sai daga baya na gane cewa lambar waya rubutu ce, String ne mazauninta, tun da ba wanda zai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa. Da na zo jera lodi a ArrayList, wato jerin ajiya na Java, kompaila ta sake tsayawa, ta ce ba ta karɓar int sai Integer, wani mazaunin lambobi ɗan'uwan int, ni kuwa a gajiye na bi shirin daga sama har ƙasa na mayar da kowane int zuwa Integer. Jan rubutu ya ɗauke, kompaila ta yi shiru, na ɗauki shirun nan a matsayin albarka.

Wata huɗu abin yana tafiya daidai, domin ƙananan motoci ne ke zuwa da buhu 60 ko 80, in ta yi yawa 100, kuma kullum allo kore ne. Har Kawu ya fara kawo abokansa 'yan kasuwa su ga aikin ɗan 'yar'uwarsa.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar kakar noman rani ne, cikin zafin nan na watan Mayu da kwano ke ƙara shi kaɗai. Alhaji direba ya iso da babbar mota bayan azahar, 'yan dako suka sauke, aka samu buhu 140. Na shigar da 140, na danna, allo ya yi ja. Kawu yana zaune a kan benci da baƙi biyu daga Kamba, ya leƙo ya ce, "Mi tac ce?" A nan ne ya kamata in rage murya in ce bari in duba. Sai na miƙe tsaye, na juya kwamfutar ta fuskanci jama'a, na karanta musu rubutun da ƙarfi, sannan na ƙara da nawa cewa mutum yana iya kuskure, littafi yana iya ɓacewa, amma na'ura ba ta san ƙarya ba kuma ba ta jin kunyar kowa. Ina tuna har yatsa na ɗaga lokacin da nake faɗin "kowa", kuma yatsan ya nufi inda Alhaji direba yake zaune yana shan ruwa.

Dattijon ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Ɗana, ina ɗaukar kayan kawunka tun ba a yaye ka ba." Bai ƙara komai ba, ya ciro makullin mota ya ɗora a kan benci kusa da Kawu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kawu ya ce a sake ƙirgawa. Buhunan an riga an tsibe su har kusa da rufi, don haka sai da aka rushe tsibin aka fito da su waje ɗaya bayan ɗaya, aka samu 140. Na shigar, allo ya yi ja. Na ce ai wannan shi ne abin da nake faɗi, abin da aka sauke daban, abin da aka loda daban. Wani daga baƙin Kamba ya ce a kira yaron Argungu a tambaye shi mana, na ce kiran waya zai rushe tsarin tsaron gaba ɗaya, kuma wai ni a lokacin har tausayin rashin iliminsa nake ji. Aka mayar da buhunan ciki ana ƙirgawa a karo na uku, 'yan dako suna wucewa ta gabana jiƙe da gumi, ƙaiƙayi ya manne musu a wuya, kowanne yana yi mini kallon da har yau nake gani idan na rufe ido.

Dole in yi magana a kan Baba maigadi, domin shi ne ya fi kowa cin ribar ranar. Wannan tsoho yana riƙe da ni tun ranar da na ba Kawu shawarar sanya kyamarar tsaro a ƙofar sito, maganar da na yi a ɗaki amma ta riga ni fitowa. Tun daga nan ya laƙaba mini Injiniya, yana jan kalmar yadda ake jan akuyar da ta ƙi tafiya. Da aka fara ƙirge na biyu sai ya cire hularsa, ya ɗebo tsakuwa, duk buhu goma ya jefa ɗaya a ciki, kuma ba a gefe ya tsaya ba, kusa da kwamfutata ya zo ya tsuguna don kowa ya ga ana gasa. Da aka gama ya zazzage hular a kan teburina, tsakuwa 14, ya ce, "Injiniya, ɗari da arba'in munka samu ni da hulata, taka mi tas samu?" Ya maimaita wannan a ƙirge na uku ba tare da ya canza kalma ɗaya ba. Mutumin da na sha tarar da shi yana barci da ƙarfe tara na dare, ranar nan ko ƙiftawa bai yi ba.

Bayan la'asar haƙurin Kawu ya ƙare, ya kira Argungu, ya buɗe murya kowa yana ji, yaron ya ce 140 ya loda kuma 140 ya shigar. Na buɗe ɓoyayyar lambar da hannuna yana rawa, ga 140 a hagu, ga 140 a dama, ga AN TAƁA KAYA a ƙarƙashinsu. Na kashe kwamfutar na kunna, na goge allon da hannun riga kamar ƙura ce ta hana ta gani, siton ya yi tsit in ban da Baba maigadi da ke karkaɗa tsakuwa a tafinsa.

Cikin dukan mutanen duniya, wadda ta warware matsalar ita ce 'yar Kawu mai karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, taubashiyata, wadda al'ada ta ba ta lasisin cin mutuncina. Ta kawo wa mahaifinta abinci ne, ta leƙa ta bayana na ɗan lokaci, ta ce, "Yaya, da alamar daidai guda biyu kake gwada Integer?" Ta yi bayani, kuma da gangan ta ɗaga murya, cewa idan aka sa == tsakanin Integer biyu, Java ba ta tambayar ko darajarsu ɗaya ce, tana tambayar ko abu guda ne, kamar takardun naira 500 guda biyu da kuɗinsu ɗaya amma kowace takarda daban. Dalilin da ya sa ban gani ba tun farko shi ne Java tana ajiye shiryayyun Integer daga -128 zuwa 127, duk wanda ya nemi 80 sai ta miƙa masa wanda ke ajiye, don haka gwajin ya dace, amma daga 128 zuwa sama sabo take ƙerawa kowane karo. Kompaila kuwa ba ta da abin cewa, tun da gwajin halal ne a dokar harshen, ni ne na yi tambayar da ba ita nake nufi ba. Taubashiyata ta goge alamar ta rubuta equals, umarnin da ke gwada daraja, allo ya koma kore, duka gyaran bai kai tsawon alwala ba. Sannan ta juya ga Kawu ta ce na'urar Yaya lafiyarta ƙalau, ƙidayarta ce dai ta tsaya a 127.

Na durƙusa na ba Alhaji direba haƙuri, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke sa mutum ya kasa barci. Kuɗin 'yan dako na ƙirge biyu daga aljihuna ya fita, kuma sun ce na ukun ya fi tsada saboda rana. Kawu bai yi mini faɗa ba, washegari dai na tarar da tsohon littafin a kan teburi da sabon biro a cikinsa.

Manhajar tana nan, na bi ta layi-layi na gyara duk inda na yi irin wannan gwaji, har wuri shida na samu. Yanzu lambobin wayar direbobi kawai ake dubawa a cikinta, su ma in wayar Kawu ba ta da caji. Jiya da na shiga sito mota ta kawo buhu 130, Baba maigadi ya tare ni a ƙofa ya tambaya cikin ladabi ko a rage uku a mayar Argungu.