Zarto ba zai shiga motata ba

To, tunda abin ya kai ana kirana a waya ana cewa na ci mutuncin babba a gaban yara, bari in faɗi nawa a nan kowa ya karanta, sai a huta da kiran. Zarto ba zai shiga motata ba, kuma ba zai shiga karaban ɗin da zan ja ba. Wanda ya ga ba zai iya hutu ba sai da zarto, ya nemi tasa motar.

Waɗanda ke cikin zauren WhatsApp ɗin nan namu sun ga yadda aka yi. Wata shida muna shirya tafiyar nan ta Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostiraliya, iyali uku, karaban biyu, kwana 12 a watan Janairu lokacin da yara ke hutun makaranta. (Ga mutanen gida da suka tambaya wancan karon ko raƙuma za mu ɗauka: karaban ɗin nan ɗaki ne mai taya, da gado da murhu da ɗan firji a ciki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Ayarin fatake daban.) Na sha wahalar samo mana gurbi a Spirit of Tasmania, jirgin ruwan da ke tashi daga Geelong ya sauka Devonport, tafiyar awa 10 ko kusa da haka. Wanda ya taɓa nema ya san gurbin karaban a lokacin zafi ba a samunsa sai an kama tun da watanni, kuma kuɗin da tsawon abin da kake ja ake auna shi. Duk na yi wannan ban ce wa kowa ya gode mini ba. Sai shekaranjiya, ana lissafin tsarabar da za a aika gida, uwargidana ta ce tana son ta sayo wa iyayenta ƙananan akusa da cokulan da ake sassaƙawa da icen Huon, ta turo hoto da farashi. Nan Yayanmu ya shigo da muryarsa mai sanyi: "Haba ƙanina, dala 60 a kan katako? Ni ina da ɗan zarto, mu jefa a bayan karaban. In mun je bakin kogin nan sai mu yanko abinmu. Daji fa na Allah ne."

Daji na Allah ne. Madalla da wannan ilimi. Ashe shekara da shekaru mutanen tsibirin nan suna ta ɓata kuɗinsu a kasuwa don ba su samu wanda zai tuna musu ba, sai da Allah ya kawo Bahaushe da zarton dala 15.

Yaya, da girmanka da komai, ka san abin da kake shirin ɗora wa zarto kuwa? Icen nan babu inda yake fitowa a duk faɗin duniya sai yamma da kudu maso yammacin Tasmaniya, a bakin koguna, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kaurinsa kuma yana ƙaruwa da kamar milimita 1 ne a shekara, wani lokacin ma bai kai ba. Ka ɗauki abin awo ka duba milimita 1, kaurin farcenka ne. A wannan lissafi, "ɗan reshen" da kake cewa, mai kaurin wuyan hannu, sa'an 'yancin kan Najeriya ne. Gungumen da ya kai cinyar ƙato ya fara tsiro tun zamanin jihadin Shehu. Manyan kuwa, akwai waɗanda aka ƙirga aka samu sun haura shekara 2,000. Wato suna tsaye a bakin ruwansu tun kafin Hijira da ɗaruruwan shekaru, tun kafin Sarki Gijimasu ya sa a fara ganuwar Kano. A kan dutsen Read, kusa da garin Rosebery, akwai wani kurmi da masana suka gano duk ice ɗaya ne, namiji, reshe ya taɓa ƙasa ya yi saiwa ya zama sabon ice, haka yake maimaita kansa fiye da shekara 10,000. Shi ne za mu je wa da zarto a tsakanin tukunyar gas da buhun shinkafa, don a samu abin kai wa surukai.

An ce mini ai wasa yake yi. To, wasan ne ya sa ya turo hoton zarton? Da sabon kaifi a cikin leda?

Wani kuma ya rubuto mini a gefe cewa ai ba tsayayye za a sara ba, wanda ya faɗi ko ruwa ya kawo za a ɗauka. Malam, tsintacciyar mage ba ta mage. Yawancin inda icen nan yake gandun da gwamnati ta killace ne, kuma a cikin irin wannan gandu ko tsinke ba a yarda ka ɗauka ba. Gungumen da ya faɗin ma akwai masu lasisin kwasarsa, da su sana'ar take tafiya. Sare ɗanye an daina. Abin da kuke gani a shaguna, daga tsofaffin gungume ne da masu saran da suka bari a daji, da wanda aka kwashe daga kwaruruka kafin a cika madatsun ruwa a shekarun 1970, da wanda ambaliya ta turo. Kuma abin mamakin icen ke nan: yana da wani mai a jikinsa da ke hana shi ruɓewa, ƙwari ba sa cinsa, sai gungume ya yi ɗaruruwan shekaru a cikin laka a ciro shi a tsaga a tarar da cikinsa garau. Abin da ya rage ke nan ake lallaɓawa, ana ba masu sassaƙa kaɗan-kaɗan. Dala 60 ɗin da ta tsaya wa Yaya a maƙogwaro, kuɗin wannan lallaɓawar ce.

Ni ina da guda ɗaya a gida, shi ya sa abin ya taɓa ni. Wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, na saya a kasuwar Salamanca ta Hobart, wadda ke ci kowace Asabar, zuwana na farko tun ban yi aure ba. Launinsa kamar zuma ce da aka tace, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a murfin kamar idon tsuntsu. Dattijon da ya sassaƙa shi bai yi mini dogon bayani ba, buɗe murfin kawai ya yi ya miƙo mini saitin hanci. Yau shekara 9 ke nan, in na buɗe don ɗauko carbina ƙamshin nan yana nan, wani abu tsakanin kanumfari da sabon turare, har carbin ya ɗauka. Ranar da 'yata ta tambaye ni mene ne waɗannan layukan, muka ɗauko allura muka zauna muna bi ɗaya bayan ɗaya a gefen murfin. Layukan sun matsu kamar zaren saƙa. Mun kai 40 da wani abu idona ya fara ruwa, ba mu ci rabin murfin ba. Yarinyar ta ce, "Baba, ashe akwatin ya girme ka." Ɗan guntun da aka yi murfi da shi kawai take nufi.

Sai hujjar da ta fi ba ni dariya: ai Turawan ma sun sare, su da suka cika jiragen ruwa da shi, yanzu ne za su hana mu ɗan reshe? Ƙwarai sun sare. A tsibirin Sarah da ke cikin mashigin Macquarie, inda jirgin yawon da za mu hau daga Strahan zai tsaya da mu, daga 1822 zuwa 1833 fursunoni aka tara ana tura su cikin ruwan sanyi suna sara suna haɗa gungume, da bulala a bayansu, aka ƙera jiragen ruwa sama da 100 a wurin. Bayansu masu sara suka ci gaba da shiga kogin Gordon da kwale-kwale har tsakiyar ƙarnin da ya wuce. To sai me? Don wani ya yi ɓarna da sarƙa a ƙafa shekara 200 da suka wuce, sai mu da muka zo da fasfo da ƙafarmu mu je mu ƙarasa? Mutanen ƙasar nan su ne suka tare hanya a 1982 da 1983 lokacin da aka so gina madatsar da za ta shanye kogin Franklin, aka kama fiye da mutum 1,000, har da jagoran masu kare muhalli Bob Brown, sai da babbar kotun Ostiraliya ta tsayar da aikin a watan Yulin 1983. Mutanen da suka shiga kurkuku saboda kogi, ka ɗauka za su gan ka da zarto su ce sannu da aiki?

Ina hango labarin ma tun yanzu, da hoton karaban ɗina a gefe, da lambar motata. Tawa fa, tunda a akwatin bayana kayan Yaya za su zauna.

Amma bari in ajiye barkwanci, don ba tsoron tara ne ya hana ni barci shekaranjiya ba. Kalmar nan ce, daji na Allah ne. Na san ta, da ita na girma. Ni ɗan Taraba ne, kuma na je gida a 2016 lokacin da ake tsakiyar haukan madobiya, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Madrid. Wanda ya bi ta Garba Chede a shekarun nan ya ga abin da na gani: gungume an fafe su murabba'i an jibge a bakin titi, jan ruwansu ya bushe a jiki kamar jini, tireloli suna lodi dare da rana zuwa Legas, daga can a zuba a kwantena sai Sin, a yi kujerun alfarma da su. Yara sun bar makaranta sun koma jan ice, kowa da sabon babur. Duk wanda ka yi wa magana amsar ɗaya ce, daji na Allah ne, ba ya ƙarewa. Madobiyar da makiyaya ke sassabe ganyenta su ba shanu in rani ya tsananta, wadda kakata ke aika mu ɗebo ɓawonta. A 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma kafin nan an riga an gama da manyan. Da na koma bayan shekara uku na bi hanyar gonarmu ta da, kututture kawai nake tsallakewa. Baburan ma duk sun mutu.

Kuma babu wanda ya fita da niyyar ƙarar da daji. Kowa ɗan nasa ya yanka. To ni na ga inda ɗan reshe yake kaiwa, da idona, a garinmu, ba zan ɗauko halin in loda shi a jirgin ruwa in tsallaka teku da shi ba, 'ya'yana suna kujerar baya suna kallo.

Abin haushin ma, mu fa ba baƙin ice ba ne. Mun san turmin kirya daban yake da na banza, mun san allon aduwa, mun san akushin da kaka ta gada wajen tata kakar, ya yi baƙi ya yi sheƙi don shan mai, ba wanda ya isa ya ce mata katako ne. Amma da zarar abin na wasu ne sai ya koma katako. In dala 60 ta yi yawa, akwai cokalin dala 15, akwai abin rataya makulli. In Huon ɗin ne ba a so, ga blackwood, ga sassafras mai baƙin zane a tsakiya kamar an zuba tawada, ga myrtle ja, duk na tsibirin ne, duk hannun mutanen wurin ne ya sassaƙa. In duk ba a iya ba, a sayi zuma a kai, babu surukin da ya taɓa mayar da zuma.

Yaya, ka yi haƙuri da yadda na yi maganar a zaure, na yarda harshena ya yi kaifi, kuma zan zo gida in gaishe ka ranar Juma'a kamar yadda na saba. Amma zarton yana nan a garejinka. Zan duba akwatin motar da kaina a Geelong kafin mu shiga layi.

Tunda ana maganar duba akwati: matan tafiyar nan, don Allah a ji da kyau, ba a shiga Tasmaniya da ɗanyen kayan lambu ko 'ya'yan itace. Ana tambaya a bakin jirgi, ana buɗe firji. Jakar attaruhun nan da na ji ana shirin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, a soya ta a yi miya tun a gida, ko a bar wa maƙwabta. Sannan har yanzu ban samu wanda zai karɓe ni tuƙi ba a hanyar da ta fita daga Queenstown zuwa Hobart, wadda suke ce wa mai lanƙwasa 99. Ni da karaban gaba kawai na iya, in aka ce in yi baya sai ya naɗe kamar wuƙar aljihu, bara sai da wata tsohuwa ta fito daga tata motar ta karɓi sitiyarin a hannuna a gaban iyalina. Wanda ya iya ya yi mini magana kafin Lahadi, akwai filin ajiye motoci a bayan masallaci da ba kowa bayan Azahar.